Ƙafarta Ba Ta Kai Ƙasa

Ranar da matata ta sayo kujerar, na koma yi mata magana da gatse.

Kujerar aiki ce mai tsada: baya mai raga, matashi mai tallafe ƙugu, hannuwa masu hawa da sauka. Dukanmu a gida muke aiki. Ni a kan benci nake gyaran rubutun mutane, bayana na ciwo, ina taƙama.

"Ranki ya daɗe, an hau karaga?"

"Malam, zo ka ɗana mana."

"Manyan marubuta a tabarma suka yi rubutu."

"Shi ya sa duk suka ranƙwafe."

Abin haushin, akwatin littattafaina take takawa, don ƙafarta ba ta kai ƙasa.

Bayan rasuwarta 'yarmu ta matsa mini na zauna. Ƙafata ta sauka daram. Matashin ya dafe daidai inda ke mini ciwo.

"Baba, da ƙarfen nan ake sauke ta. Mama ta sani, ƙin taɓawa ta yi."

Maƙerin kujerar nan gwani ne, amma wadda ta saita ta da tsayina ta fi shi. Ta gaji da tayi, ta zauna jiran abin da girman kai ya hana ni faɗa: "Tashi in zauna."