Kwalba Ta Sha Biyu

Tun da aka binne Inna Barira, ba wanda ya sake jefa guga a rijiyar ɗanta Sa'idu. Rani biyu ya yi yana haƙa ta da hannunsa. Yanzu kurciyoyi kaɗai ke sauka a bakinta.

Alhaji Na Allah ne ya fara maganar. Wai rijiyar ta ƙarƙashin ƙasa take tsotsar tabkin da shanu ke fitsari a ciki, wai ɗa ne ya shayar da uwarsa ajalinta. Wa zai musa? Mutumin da ya je Makka sau uku. Shi ne ma ya riƙa zuwa duba Inna Barira kullum da 'yar gorarsa, tun tana zazzaɓi kawai, kafin gudawa ta ɗauke ta.

Ana nan sai ga Madam Raihana ta iso Attantane daga Yamai da kwalabe, tana binciken inda rijiyoyi ke samun ruwansu. Ta ce kowane ruwa da tambarinsa. Wanda ya daɗe a rana, kamar na tabki, mai sauƙinsa kan tashi ya bar mai nauyin. Na can ƙasa kuwa bai san rana ba. Na'ura na bambance su.

"Ashe ruwa ma yanzu sai da katin ɗan ƙasa," in ji Alhaji. Masu cin tuwonsa suka yi masa dariyar da suka saba.

Ta ɗebi na tabki, ta ɗebi na rijiyoyi goma. Za ta shiga mota Sa'idu ya miƙa mata wani ɗan ruwa, bai cika kofi ba. Ta rubuta masa lamba sha biyu.

Bayan wata uku ta dawo, aka taru a gindin gawo.

"Sha biyu ruwan tabkinku ne zalla," in ji ta.

Alhaji ya gyara hula. "Kun dai ji. Rijiyar Sa'idu ke nan."

"A'a, Alhaji. Tasa ita ce sha ɗaya, ko ɗigon tabki babu a cikinta. Malam Sa'idu, sha biyun nan daga ina ka samo shi?"

Sa'idu bai dube ta ba. Farar rigar Alhaji yake kallo, tun daga wuya har ƙasa, a hankali.

"Ragowar zamzam ɗin da Alhaji ya riƙa bai wa Inna ne."