Katangar Malam Silvanus

Ranar Litinin ta Ista, goma ga Afrilu, 2023, da ƙarfe biyu da kwata na rana, Malam Silvanus ya zame a kan Dutsen Kagoro, ƙafarsa ta hagu ta gurɗe.

Sauran 'yan ikilisiya sun riga sun yi gaba da ganguna da kulolin shinkafa, zuwa filin da suke taron addu'a da cin abinci kowace shekara. Mutum biyu ne suka tsaya da shi: 'yarsa Mildred, wadda take aikin nas a Kaduna, da mijinta Gershon, wanda bai taɓa hawa abin da ya fi benen ofishinsu tsawo ba.

"Baba, sai da na ce ka zauna a gida," in ji Mildred.

"Marigayiya uwarki ma haka take cewa. Sannan ta riga ni kaiwa sama."

Tana ɗaure masa ƙafar da ɗankwalinta suka ji wani haushi kamar na karnuka. Gwaggon birai ne, garke guda, suna gangarowa a guje daga gefen dutsen. Babban namijin da ke gaba yana da sabon rauni a kafaɗa, jini bai bushe ba.

Malam Silvanus ya yi rayuwarsa yana koyarwa a firamare, kuma ya sha kawo ɗalibai kan waɗannan duwatsu. Ya san ƙa'ida. Ya yi magana a hankali, kamar mai ba da shifta.

"Kada kowa ya gudu. Kada ku kalli idonsu. Ku zubar da abincin. Gershon, rufe bakinka, in ka nuna masu haƙora faɗa ka nema."

"Ba dariya nake yi ba, Baba."

"Su ba su sani ba."

Suka ja da baya, tsohon yana rataye a tsakaninsu. A bayansu akwai kogo mai ƙaramin baki, sai mutum ya sunkuya yake shiga. Suka shige.

Ciki akwai sanyi da zarni mai kaifi. Ya yi zurfi, ba a ganin ƙarshensa. Mildred, wadda ta tsani jemage, ta duba rufin ta gode wa Allah, ko ɗaya babu. Malam Silvanus ya ture wata ƙafar akuya da sandarsa, ya ce makiyayan zamani ba su san tsabta ba.

Biran suka iso, suka yi wa bakin kogon zobe. Ba su matso ba, ba su kuma tafi ba. Sun taka ayaba da burodin da aka zubar sun wuce. Wannan ya dami tsohon, don bai taɓa ganin biri ya tsallake ayaba ba. Ya ce wa ransa lokacin mangwaro ne, sun ƙoshi.

Mazan suna dukan ƙasa da hannu, suna yin gaba kaɗan su koma. Matan sun tura 'ya'yansu can baya.

"Za su shigo," in ji Mildred.

"Ba za su samu hanya ba. Gershon, kawo duwatsu."

Daga inda yake zaune ya tsara aikin. Manya a ƙasa, faɗinsu a kwance, ƙanana a cusa tsakani, yadda kakanninsa suke gina gefen gona a kan tudu. Inda Gershon ya ɗora dutse a karkace, sai ya sa shi ya sauke ya sake. Katangar tana tashi, haske yana raguwa.

Waya ba sabis. Ruwa saura rabin gora. Ƙafar ta kumbura har Mildred ta yanke igiyar takalmin. Ta taɓa yatsunsa ta ji sun yi sanyi, ta kalli mijinta.

Gershon ya gane. "Bari in je in kira mutane."

"Kanka a ƙasa, ɗana. Tafiya, ba gudu ba. Da ka fita, Mildred za ta toshe sauran."

Ya matse ta 'yar kafar da ta rage. Ya bi ta tsakiyar garken yana addu'a da yarensu. Wata uwar biri ta matsa ta ba shi hanya. Ko ɗaya bai juyo ya kalle shi ba. Duk idonsu yana kan kogon. Da ya sha kwana sai ya manta da ƙa'ida, ya zura da gudu.

Mildred ta ɗauki dutse na ƙarshe da hannu biyu ta cusa. Mahaifinta ya sa ta buga shi da wani har ya zauna daram. Ya laluba katangar a cikin duhu, ya ce ko mazan birai uku ba za su ture ta da sauri ba.

Suka zauna, ba mai ganin wani. Can sai Mildred ta fara jin numfashi mai nauyi, a hankali, yana ɗan kurzawa. Ta ɗauka ƙirjin Baba ne ya tashi, ta yi shiru don kada ta tsorata shi. Shi ma ya ji. Ya ɗauka kuka take yi a ɓoye, irin na uwarta, ya yi shiru don kada ya kunyata ta.

Bayan an rufe bakin kogon, waɗanda suka rage a ciki su ne Malam Silvanus, tsohon malamin makaranta, da 'yarsa Mildred, da damisar da biran suka koro ciki tun kafin su iso.