Ranar da Baffa ya tsallake sunan ubana

Baffa Sale, yayan mahaifina, shi ya cire ubana daga zuri'armu, a kan idona, ina yaro.

Bayan la'asar ne a garinmu Durun, lokacin ɓarar gyaɗa. Malaminmu ya biya mana nasabar Annabi, ya ce akwai waɗanda ba a san komai nasu ba sai "wane ya haifi wane", amma ba a tsallake ko ɗaya. Ya ce kowa ya tambayo tasa. Ubana ya rasu, sai na tambayi Baffa.

Ya share gefen tabarma da hannu, yana ajiye ƙwayar gyaɗa ɗaya a sunan kowane kaka, tun daga wanda ya shigo da shanu ƙasar Kabo. Ya ajiye tasa, ya ajiye na 'ya'yansa, ya kakkaɓe hannu.

Na ce, "Baffa, saura Babana."

Ya ce, "Wanda ya sayar da shanun gado ya zuba a noman gyaɗa? Me ya bari da za a ambace shi?" Ya ci gaba da ɓara.

Yau na wuce shekarun da Babana ya yi a duniya, ni ma ban tara komai ba, kuma na gaji da jin "yi haƙuri". Amma ranar ban yi shiru ba. Na ce, "Ni ya bari, Baffa. Gobe in Malam ya tambaye ni ɗan waye, kai za ka je ka ba shi amsa."