Katin Gola

Ɗan adaidaita na uku ya rage gudu a gefensa, Abdulgani ya girgiza masa kai ya wuce. Daga Kantin Kwari zuwa Sabon Gari ba wani nisa ba ne ga wanda ya saba, shi kuwa ya fi shekara ashirin yana cin garin Kano da ƙafa.

Rana na ƙuna. Ya ƙara matse ledar da ke hammatarsa.

Kati goma sha takwas ne a ciki, irin masu hoton 'yan ƙwallo da wani kamfanin cingam ya taɓa naɗewa a cikin takardarsa. Babu tauraro ko ɗaya a cikinsu. 'Yan Zakarun Layin Dogo ne, wata ƙaramar ƙungiya ta wajen tashar jirgi wadda ta watse rana ɗaya, tun da daɗewa. Maƙwabtan teburinsa na sayar da yadi har tsiya suke yi masa, wai duniya na rububin 'yan wasan Turai, shi yana bin waɗanda ko a layinsu an manta da su.

Goma sha ɗaya suna ɗauke da sa hannun masu su. Shida na waɗanda suka rasu ne, ya ɗaure su daban da roba, ba ya fito da su gaban kowa. Saura ɗaya.

Shekara huɗu ya yi yana wannan bibiya. Ya sami mai tsaron bayansu yana gadin sito a kasuwar Singa, yana jan ƙafa. Kyaftin ɗinsu kuma a Fagge ya tarar da shi, da hagu ya sa masa hannu. Duk inda ya je, da baƙin tabarau da gemu buzu-buzu yake zuwa, ya miƙa kati da biro, ya ajiye yadi biyar na shadda. Wasu har ƙwalla suke yi don an tuna da su. Shi kuwa ko ruwa ba ya tsayawa sha, kuma da hira ta doshi wasansu na ƙarshe sai ya tuna ya bar tebur ba kowa.

Onyekachi, golan ƙungiyar, da gangan ya bar shi a ƙarshe. An ce ba ya son baƙi. An ce wani ɗan jarida ya taɓa zuwa masa da tambayoyi, ya fito da targaɗe. Sau uku Abdulgani yana zuwa bakin layinsa yana juyawa.

Sai jiya wata baƙuwar lamba ta kira shi.

"An ce kana tara mu," in ji wata kakkaurar murya, da Hausa tsantsa irin ta haihuwar Kano. "Ka zo gobe bayan azahar. Kai kaɗai."

Bai taɓa ba ko ɗayansu lambarsa ba.

Gidan yana can ƙarshen wani lungu, bayan shagon wani mai walda. Wata budurwa ce ta buɗe masa, ta gaishe shi da ladabi, ta ce sunanta Adaugo, babanta na ciki. Daga ɗaki aka yi mata magana da harshen Ibo, gajeriya. Ta ɗauki jakarta ta fita. Abdulgani ya ji ta ja ƙyauren ƙarfen, ya ji ƙarar kwaɗo.

Ya ƙarasa cikin ɗakin.

Onyekachi na zaune a keken guragu, an lulluɓe ƙafafunsa da zane. Daga ƙugu zuwa sama kuwa har yanzu ƙato ne, damatsansa kamar turmi. Ya murza tayoyin keken a hankali har ya tsaya daidai ƙofar ɗakin.

"Zauna, Malam."

Abdulgani ya ɗosana a bakin kujera. A waje injin mai walda ya tashi da kuka. Ko ihu mutum ya yi a nan, ba mai ji.

Ya zaro katin, biro ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. A hoton, Onyekachi matashi ne, ya rungume ƙwallo yana dariya. Golan ya karɓa ya daɗe yana kallo.

"Ina shidan?"

Abdulgani bai ce masa akwai wasu shida ba. Ya miƙa su. Golan ya cire robar, ya jera su a cinyarsa, yana kiran sunan kowanne a hankali, kamar mai kiran sunan 'yan aji. Da ya gama sai ya ce, "Cire tabarau."

"Idona ne, Oga, ba ya son haske..."

Bai ƙarasa ba ya ji an damƙe wuyan hannunsa. Irin damƙar da ta saba tare ƙwallo ce, har yatsunsa suka mutu. Ya yi yunƙurin fizgewa, ya kasa. Da ɗaya hannun Onyekachi ya zare masa tabarau ya ajiye a gefe, ya ƙura wa fuskarsa ido, ya gyaɗa kai.

Sannan, ba tare da ya sake shi ba, ya sa shi ya ɗauko biron daga ƙasa. Ya ɗora katin a hannun keke, ya rattaba sunansa harafi bayan harafi, ya hura tawadar.

"Sauran ba su gane ka ba, ko? Ba laifinsu ba ne. Su a baya suke zama, ƙeyarka kaɗai suka sani." Ya tura masa katin cikin aljihun gaba, ya ƙara matse hannun. "Ni kuwa a gefenka nake zaune a motar ƙungiya ranar hatsarin nan, direba. Ina kallonka lokacin da barci ya kwashe ka a kan sitiyari."