Ƙofar da Odessa Ta Zaɓa

"Ga almakashi, Mis Odessa," in ji Magajin Gari yana washe baki. "Yanke ƙyallen, yau ɗakin karatun nan ya ci sunanki."

Odessa Pruitt ta dubi ƙofar. Littattafanta sun zaga duniya, amma lokacin tana yarinya a garin nan na Mississippi, baƙar fata ba ya tsallaka wannan dokin ƙofa. Ta baya ake miƙo masa littafi.

"Yaro, riƙe almakashinka."

Ta juya tana dogara sanda. Aka yi tsit, kowa ya ɗauka fushi ta yi.

Sai ta zagaya lungu, ta tsaya jikin kwandunan shara.

"Ga ƙofata. Mai son hoto da ni, ya bi layi."

Ranar, har Magajin Gari ta baya ya shiga.