Bidiyon Inna

Bidiyon Inna ya ɓace jim kaɗan bayan ɗanta Siddo ya haɗa kwamfutocin gidansu a Gaya, don kowa ya riƙa ganin saƙonni da hotuna a dosiye ɗaya, wato ma'ajiya guda. Shi ne bidiyonta na ƙarshe. A Malanville, ƙetaren iyaka, ta rasu, gadar iyakar na rufe bayan juyin mulki, ko jana'izarta ba su samu ba.

Siddo ya kasa cin abinci. Ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, garin haɗe-haɗena na ɓatar da bidiyon Inna. Ka yafe mini."

Tsohon ya ce:

"Tashi, Siddo. Ni na goge shi, na kasa jure kallonsa. Na zaci daga tawa kwamfutar kaɗai zai fita."