Opal Ta Garin Orrin Bend

Sabuwar dokar Amurka ta ce duk garin da mutanensa suka gaza ɗari biyar, a shafe shi daga taswira, a kwashe mazauna zuwa birni. Allon majalisar Orrin Bend yana nuna mutum ɗari biyar cif.

Tsoho Delbert ya tsaya gaban Maxine, magatakardar gari.

"Na zo a rubuta rasuwar Opal. Jiya na binne ta."

Maxine ta dubi motocin rusau da ke jira ƙetaren gadar da kakan Opal ya gina, ta rufe rijistar.

"Wace Opal, Baba? Matarka da na gani ɗazu tana shanya kaya?"

Shi ma Delbert ya dubi motocin.

"Ita fa," ya ce. "Ta ce in gaishe ki."